Dodon Tsahara da Launin da Ya Ƙi Wankuwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya raba fari da baƙi, ya bar ja a tsakaninsu. Ku da kuka sauke kaya a wannan inuwa kuna jiran rana ta yi sanyi, ku ara mini kunnuwanku kafin ta karkata. Ni ne Mantau ɗan Arzika, marini ɗan marini, mutumin birnin Zarmagu mai karofi ɗari uku. Kun tambaye ni inda na fito da inda na nufa, to ga shi. Wanda dariya ta kama ya yi abarsa a ciki, don ni har yau abin haushi yake ba ni.

Mahaifina ya shekara hamsin a bakin karofi. Shuninsa ba a magana, amma ja ya gagare shi. Duk jan da ya rina, wanki uku ya koɗe ya koma kamar ruwan da aka wanke nama. Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa gani, mai magani ya duba ya ce damina biyu ta rage masa ya ga duniya. Ranar ya kira ni ya ce, "Mantau, an ce can gabas, bayan Tekun Gangara, akwai itacen da ƙaronsa yake kama launi ya riƙe shi har abada. Je ka kawo mini. Ina so in ga jan da ba ya zuba da idona, ba a ba ni labari ba."

Na ɗauki gora da sanda na kama hanya. Tekun Gangara sunansa ya bi shi, don ruwansa a karkace yake, jirgi yana sulalawa gabas ba tuƙi ba filafili. Kwana arba'in muna gangarawa ina jin daɗi, ina yaba wa kaina da na iya zaɓen hanya.

Itacen yana tsakiyar wani kurmi, zirnaƙo ke gadinsa, kowanne girman ɗan akuya. Na ga ƙasusuwan waɗanda suka riga ni zuwa da takobi. Na laɓe kwana biyu ina kallo, na lura ba sa taɓa ɗan'uwansu. Sai na kwaɓa baban rini da gawayi da man kaɗanya, na shafe jikina baƙi ƙirin har ina sheƙi, na ɗaure ƙugu da igiya tamau, na rataya manyan ganyaye biyu a baya, na shiga ina ƙugi. Na cika gorata da ruwan ƙaro na fito ba wanda ya ce mini ci kanka. Wata macen zirnaƙo ma ta biyo ni har bakin kurmi, ban san abin da ta gani a jikina ba.

Da na dawo gaɓa na nemi jirgin komawa gida, sai matuƙa suka fashe da dariya. Babbansu ya ce, "Malam, da ka sauko ba ka tambayi yadda ake hawa ba? Ba jirgin da yake hawan Gangara. In yamma ka nufa, sai dai ka je Tsibirin Alli ka roƙi yara." Na ɗauka ba'a yake yi mini. Kafin in samu mai kwalekwalen da zai kai ni, damina ɗaya ta riga ta wuce, saura ɗaya.

Abin da na gani a Tsibirin Alli ya sa na manta da gaisuwa. Wani fako ne mai faɗin gari guda, a kansa dodanni kwance birjik. Jiki irin na maciji, ƙafafu huɗu irin na kada, fuka-fukai irin na jemage, hayaki yana fita daga hancinsu sannu-sannu. Ƙaraminsu ya fi soro uku tsawo. Wasu farare fat, wasu an shafe su rabi. A kansu kuwa yara ne ko'ina, a wuya, a gadon baya, a kan jela, kowa da ƙwaryar launi da tsumma, suna shafawa suna ihu suna waƙa.

Wata tsohuwa mai kula da tukwanen launi, Iya Gwamma, ta ba ni ruwa ta yi mini bayani. Kowace shekara dodannin suna saukowa farare, kowane dodo da yaronsa. Yaro zai shafe nasa da irin launin da ransa ya so, in ya ce "na gama," dodon ya tashi ya bi iskar yamma, kuma kowanne da hanyarsa da ba ya saɓawa. Iskar kwana goma sha biyu take yi, wanda ba a gama ba kafin ta tsaya sai badi.

Na ce, "Iya, yau kwana nawa da farawa?"

Ta ce, "Uku."

"Wanne ne yake bi ta kan Zarmagu?"

"Tsigi, na jikata Tsahara. Amma tsaya ka ji abin da ya sa ake shafa musu launin, don baƙo ya kamata ya..."

Na katse ta. "Iya, wannan tarihi ne, a bar shi sai an jima. Ina yarinyar?"

Ta dube ni ta taɓe baki, ta nuna mini da muciya.

Tsigi dai shi ne mafi girma a fakon, ban san wanda ya ba yarinyar shawarar sa masa sunan ɗan ƙaramin tsuntsu ba. Tsahara kuwa 'yar shekara shida ce, haƙoranta biyu na gaba sun fita, kitsonta duk launi. Na durƙusa na roƙe ta izinin hawa, ta ce, "Ka hau mana, Baba Baƙo, in na gama." Na dubi dodon na ga jela kawai ta shafa, ita ma rabi. Amma ranar ta dage ta ƙarasa jelar da rawaya, ta taɓa ƙafar baya. Na lissafa na ga in ta yi haka kullum za mu tashi da ragowar kwana ɗaya. Na yi barci da farin ciki.

Da safe na tarar da ita da tulu tana kwarara wa jelar ruwa.

Na ce, "Ke! Me kike yi haka?"

"Wankewa nake yi."

"Don me?"

"Jiya rawaya nake so. Yau ba na so."

Launinsu fa na furanni ne da jar ƙasa da ganye, ruwa kaɗan ya tafi da shi. A Zarmagu wanda ya sayar da irinsa sai an kore shi daga karofi. Ina tsaye aikin yini guda ya bi ƙasa, dodon yana lumshe ido yana jin daɗin wanka.

Jama'a, na shiga kurmin zirnaƙo na fito, amma ban taɓa haɗuwa da abin da ya gagare ni kamar yarinyar nan ba. Ta shafa shuɗi ta tsaya ta tambayi dodon ko yana so. Ta hau wuyansa ta ba shi labarin wata kaza tasu da ta ɓata. Ta zana masa kifi a haƙarƙari, ta ce kifin yana jin kaɗaici, ta zana masa uwa da ƙanne, sannan ta ce ai kifi ba ya zama a kan dodo, ta ɗauko tulu. Na zana mata tsari a ƙasa da tsinke, nan ja, nan kore, a fara daga kai a gangara jela kamar yadda masu hankali suke aiki. Ta duba ta ce, "Naka ba kyau," ta bi ta kai ta wuce.

Rana ta uku haƙurina ya ƙare. Da ta tafi shan kunu na ɗauki tsumma na tsoma a ja, na ce ni marini ne, fuffuke ɗaya ba zai ɗauke ni rabin yini ba. Shafa ɗaya na yi. Tsigi ya waiwayo ya yi atishawa, wuta ta fito, gemun da na shekara goma sha biyu ina tattali ya tafi a tashi ɗaya. Yara suka yi ta birgima don dariya. Iya Gwamma ta miƙo mini man shanu in shafa, ta ce, "Hannun babba ba ya hawa jikinsu, ɗan nan. Da ka tsaya na faɗa maka."

Na ce to, yara fa? Ta ce in mai dodon ta gayyace su ba laifi. Na lallaɓa Tsahara ta kira ƙawayenta bakwai. Wallahi da na sani ban fara ba. Kafin azahar sun shafe junansu, sun shafe ni, sun shafe akuyar Iya, dodon kuwa ko tafin hannu bai ƙaru ba.

Kullum ina ji ana cewa "na gama," ina ganin wasu suna tashi. Wani da koriyar fuska da ƙafafu ruwan hoda, wani an zana masa rana har uku a ciki, wani yaron ya rubuta sunansa a fuffuke a karkace. Ba layi ba tsari, launi ya hau kan launi. Ba zan ɓoye muku ba, in suka buɗe fuka-fukai rana ta ratsa su, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Amma ni ba kallo ya kawo ni ba, kowanne ya tashi sai in ji kamar an tsinka mini wani abu a ciki.

Da ya rage kwana huɗu, Tsahara ta kai rabin jiki. Na ce bari in gaya mata gaskiya ko ta ji tausayi. Na zaunar da ita na ba ta labarin mahaifina, da yanar idonsa, da daminar da ta rage. Idonta ya ciko da ƙwalla.

Ta ce, "Ashe babanka zai ga Tsigi?"

Na ce, "Zai gan shi, in kin gama da wuri."

"Kuma daga shi ba zai sake ganin komai ba?"

"Wataƙila."

Ta miƙe ta dubi dodon daga kai har jela. "Kai, to wannan bai yi kyau ba. Sai na yi masa wanda ya fi." Ta ruga ta ɗauko tulu.

Na ɗora hannu a ka. Na roƙe ta, na yi mata tsawa, na ce zan saya mata duk abin da take so, ita kuwa tana ta kwarara ruwa tana ce mini, "Yi haƙuri, Baba Baƙo, don babanka nake yi." Ban taɓa jin haushi da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Kafin rana ta take tsaka Tsigi ya koma fari fat kamar ranar da ya sauko.

Sai na tuna da gorata. Da yara suka shiga gida cin abinci, na bi tukwanen launinta ɗaya bayan ɗaya ina tsiyaya ruwan ƙaron ina juyawa. Dodon ƙato ne, tukwanen manya, gorar ta ƙare tas. Na ce ba komai, in ba ni da ƙaro ai ina da dodo, shi zan nuna wa tsoho. A raina ban ga laifin da na yi ba. Gani nake na gyara musu launin banza ya zama na kirki.

Da yamma ta shafe kai da wuya da ja. Ban taɓa ganin ja irinsa ba. Washegari, kamar yadda na zata, ta zo da tulu. Ta kwarara, ja yana nan. Ta goga da tsumma, ta goga da yashi, yana nan daram.

Ta ce, "Baba Baƙo, ya ƙi fita."

Na ce, "Af, ai Tsigi ne ya riƙe shi. Wannan ya yi masa kyau, ba ya so a wanke."

Ta zaro ido. "Da gaske? Bai taɓa riƙewa ba!" Ta rungume hancinsa tana tsalle. Can ta juyo ta ce, "Amma ruwan sama zai wanke, ko?"

Na ce, "Zai wanke mana." Ko kallonta ban yi ba, hankalina yana kan iska.

Daga nan aiki ya tafi, tunda ba komawa baya. Duk abin da ta shafa ta gwada shi da ruwa, in ya ƙi fita ta ce, "Wannan ma yana so!" Ta yi masa fuka-fukai shuɗi da ɗigo-ɗigon rawaya. Ta mayar da kifin da uwarsa da ƙannensa. Ta zana wani mutum marar gemu riƙe da hannun wani tsoho, ta ce mu ne. Iya Gwamma ta zo sau ɗaya ta sa yatsa a tukunya ta shinshina, ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara takalmi har ta wuce.

Ranar ƙarshe iskar ta fara rauni, fako ya zama wayam sai mu. Saura wuri ɗaya fari a ƙarƙashin haɓarsa. Tsahara ta tsaya a gabansa da ƙwarya tana tunani, ni kuwa ina bisa wuyansa na ƙanƙame ƙaho, na cije leɓe don kada in yi magana in ɓata. Can ta tsoma hannu biyu a ja ta manna, ta sake mannawa, har wurin ya rufe. Ta ja da baya ta ce, "Na gama."

Tsigi ya miƙe, ƙasa ta girgiza, ya buɗe fuka-fukai. Muna ɗagawa ta biyo mu da gudu tana ɗaga jajayen hannuwanta.

"Baba Baƙo! Kada ka sa shi a rumfa! Ka bar shi cikin ruwan sama! Sai ya wanke ya yi fari tas yake tuna hanyar gida!"

Sai a lokacin na gane abin da Iya Gwamma ta so faɗa mini ranar da na katse ta.

"Ka ce masa ya dawo da wuri! Badi kore zan yi masa, kore duka!"

Zan iya ce muku na yi ihu iska ta kwashe muryata. Ƙarya ne. Shiru na yi, don ina son in isa gida.

Kwana shida muka yi a sama, muna hawan abin da jirgi ya gangara a kwana arba'in. Muka sauka bayan karofin Zarmagu da hantsi, gari ya watse, sai da aka ga ni ne aka dawo ana leƙe. Aka riƙo hannun mahaifina aka fito da shi. Idonsa ya yi fari sosai, sai da ya matso har hayaƙin hancin dodon yana taɓa shi. Ya daɗe yana kallon wuyan. Ya sa aka kawo ruwa da tsumma, ya goga da ƙarfinsa, ya kai tsumman dab da ido, ya ga ba ko ɗigo. Ya yi dariya har hawaye ya zubo masa.

Ya ce, "Wannan shi ne ja. Alhamdu lillahi, na gani." Ya bi jikin yana shafawa har ya kai kan kifin. "Amma wannan ba aikinka ba ne, Mantau. Kai ba ka da wannan ƙarfin halin. Hannun wa ne?"

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Ka wanke wa yarinya dabbarta." Bai ƙara ce mini komai a kan maganar ba. Kafin kaka idon ya rufe, bayan shekara biyu ya rasu.

Na gwada toka, na gwada kanwa, na gwada tsamiya da lemun tsami da sabulun salo. Na goga da dutse har fatar hannuna ta saɓule. Marinan Zarmagu duka sun kawo dabararsu, kuma duk wanda ya gwada sai ya koma yana yaba ingancin aikin, ni kuwa kamar in shaƙe shi. Tsigi yana nan bayan karofi, ba ya cutar kowa. In hadari ya haɗo sai ya fita fili ya buɗe fuka-fukai, ya tsaya cikin ruwa har ya ɗauke. Sannan ya lanƙwasa wuya ya duba jikinsa gefe da gefe, ya koma ya kwanta.

Shi ya sa kuka gan ni a hanya. An ce a kudu, bayan duwatsu, akwai wata rijiya da ruwanta yake cinye launi, can na nufa, ko da yake rijiya ta huɗu ke nan da aka kwatanta mini. A Tsibirin Alli yaro yana daina shafa dodo ranar da haƙorinsa na ƙuruciya na ƙarshe ya fita, wannan kam na ji shi da kunnena a bakin yaran. Rana ta karkata, ku ɗaura kayanku, Allah ya kai kowa inda ya nufa. Tsahara, da na baro tana 'yar shekara shida, ta ce badi kore za ta yi masa. Bana shekara tara ke nan.